Ɗan Hausa: Baturen da ya buɗe wa Kano makarantar boko, ya kuma ƙuntata ƙofarta

Mutanen Kano da yawa sun san Gidan Ɗan Hausa da ke unguwar Nasarawa, ginin ƙasa mai zanen gargajiya wanda a yau yake hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano. Kaɗan ne suka san cewa a wannan gida da kewayensa aka yanke wata shawara da har yanzu Arewa ba ta gama biyan kuɗinta ba, wato shawarar wane yaro ne za a buɗe wa ƙofar makarantar boko, wane ne kuma za a bari a waje. Mai gidan, Hanns Vischer, shi ne Daraktan Ilimi na farko a Nijeriya ta Arewa. Ya ji Hausa har aka yi masa laƙabi da ita, ya girmama malamai da sarakuna, ya kuma gina makaranta mai kama da gidajen mutanen ƙasa. Duk da haka, tsarin ɗaukar ɗalibai da ya kafa ya dogara ne kan asali da addini da zaɓin masu mulki. Tarihinsa darasi ne kan yadda kyakkyawar niyya ke iya gina katanga.

Daga Basel zuwa Kukawa

An haifi Vischer a shekarar 1876 a birnin Basel na ƙasar Suwizalan, a gidan attajirai masu riƙo da addinin Kirista. Ya yi karatu a Jami'ar Kambirij ta Ingila, ya kuma shiga ƙungiyar mishan ta cocin Ingila da aka fi sani da CMS. A lokacin, idon wannan ƙungiya na kan ƙasar Hausa. A shekarar 1900 wata tawagarta ƙarƙashin Bishop Tugwell, wadda ta haɗa da Likita Walter Miller, ta iso Kano, amma Sarki Alu Babba ya umarce su da su bar masa gari cikin 'yan kwanaki. Vischer ya shigo aikin mishan a ƙasar nan a 1901, bai kuma daɗe a cikinsa ba. A 1903, shekarar da sojojin Lugga suka ci Kano da Sakkwato, ya karɓi takardar zama ɗan Birtaniya, ya shiga aikin mulkin mallaka, aka tura shi Borno a matsayin mataimakin Razdan.

Abin da ya fito da sunansa shi ne tafiyar da ya yi a 1906. Maimakon ya dawo bakin aiki ta teku kamar sauran Turawa, sai ya tashi daga Turabulus da ayarin raƙuma, ya ratsa Sahara ta Murzuk da Bilma har ya iso Kukawa bayan watanni. A cikin ayarin akwai alhazai masu komawa gida da 'yantattun bayi masu neman ƙasarsu ta asali. Ya rubuta littafi kan wannan tafiya, aka buga shi a 1910. Zaman da ya yi da waɗannan mutane, da Larabci da Hausa da Barbarci da ya koya, su suka sa manyansa suka ɗauke shi a matsayin Baturen da ya san Musulmin wannan yanki fiye da takwarorinsa.

Matsalar da aka ba shi ya warware

Bayan cin Sakkwato a watan Maris na 1903, Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin cewa gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addininsu ba. A aikace, wannan alkawari ya zama dalilin hana 'yan mishan kafa makarantu a cikin masarautun Musulmi sai da izini, izinin da ba a cika bayarwa ba. A kudancin ƙasar kuwa, makarantun mishan sun riga sun yi fiye da rabin ƙarni suna aiki. Mabiya Methodist da CMS sun shigo tun shekarun 1840, 'yan Baptist na kudancin Amurka suka biyo baya a 1850, kuma kowace ɗarika tana gasar buɗe makaranta domin ta samu mabiya.

Gwamnatin Arewa tana buƙatar akawu da malaman haraji da masu awon ƙasa, ba ta kuma son dogaro da 'yan kudu da mutanen Saliyo da na gaɓar Ghana ta yau. Da farko Lugga ya karkata ga shirin Likita Miller, wanda ya zauna a birnin Zariya tun 1905, na buɗe makarantar 'ya'yan sarakuna da ajin malamai. Shirin bai je ko'ina ba, domin iyaye sun san Miller mai wa'azi ne, shi kuma bai taɓa ɓoye burinsa ba. Tawayen Satiru na 1906 ya ƙara tsoratar da Turawa game da duk abin da zai harzuƙa Musulmi. Saboda haka Gwamna Girouard, wanda ya gaji Lugga, ya yanke shawarar cewa gwamnati da kanta za ta buɗe makaranta, ya kuma ɗora wa Vischer wannan aiki a 1908.

Kafin ya fara, an tura shi Masar da Sudan da gaɓar yammacin Afirka ya duba makarantu. Ya dawo da ra'ayi mai ƙarfi. A ganinsa, makarantun da ke koyar da Turanci tun daga farko suna fitar da matasa masu raina iyayensu da sarakunansu, masu kuma yi wa gwamnati tsaurin ido. Abin da ya burge shi shi ne tsarin Sudan, inda Turawa suka riƙe ilimi daidai da yawan ma'aikatan da suke buƙata. Wannan tunani ne ya taho da shi Kano.

Makarantar Nasarawa

A 1909 Vischer ya buɗe makarantarsa a Nasarawa, bayan ganuwar birni, kusa da gidan shaƙatawar Sarkin Kano. Sarki Abbas, wanda ya yi mulki daga 1903 zuwa 1919, ya mara masa baya, baitulmalin Kano da na wasu masarautu suka ɗauki wani kaso na kuɗin tafiyar da ita. Wannan na nufin harajin talakawa, har da na manoman Gaya da ƙauyukan da ke Ajingi a yau, yana cikin abin da ya riƙe makarantar.

Akwai abubuwan yabo a tsarinsa, kuma adalci ne a faɗe su. An koyar da Hausa, ɗalibai suka ci gaba da sa tufafinsu, malamai Musulmi suka koyar da Larabci da addini, ba a kuma yi wa kowa wa'azin Kiristanci ba. An koyar da lissafi da labarin ƙasa da kiwon lafiya da awon ƙasa da sana'o'in hannu. Vischer ya tsara ƙa'idojin rubuta Hausa da haruffan boko, aka buga su a 1912, kuma a kan wannan tubali aka ɗora gyare-gyaren da suka biyo baya. Malam Bello Kagara, marubucin Ganɗoki, yana cikin waɗanda suka yi karatu a Nasarawa kafin ya zama malami a Kwalejin Katsina.

Sai dai makarantar a rarrabe take tun daga tushe. Akwai sashen 'ya'yan sarakuna da hakimai, waɗanda ake shirya su gaji iyayensu. Akwai ajin malamai, wato mutanen da suka riga suka yi karatun allo da na littattafai, ana koya musu boko domin su zama malaman makaranta ko ma'aikatan En'e. Akwai kuma sashen sana'a, inda ake koyar da sassaƙa da ƙira da dukanci da gini. Kowane rukuni da abin da aka yanka masa, gwargwadon gidan da ya fito. Ba a yin jarrabawar shiga da kowa zai iya zama. Razdan ne ke rubuta wa sarki cewa ana son yara kaza daga lardinsa, sarki ya umarci hakimai, hakimai su zaɓa. Turanci kuwa, wanda shi ne mabuɗin manyan ayyukan gwamnati da karatu mai zurfi, an jinkirta shi, an kuma taƙaita shi ga 'yan kaɗan.

Ka ɗauki yaro ɗan manomi a ƙasar Gaya a waɗancan shekaru. Gaya tsohon gari ne mai sarauta, wanda tarihin baka na Kano ke danganta maƙeran farko na Dutsen Dala da shi. Yaron na iya haddace Alƙur'ani, ya iya lissafin awo a kasuwa fiye da kowa, amma babu wata hanya da hazaƙarsa za ta kai shi Nasarawa. Hanya ɗaya ce, ta bakin hakimi. Idan mace ce, babu ma hanyar, domin gwamnati ba ta buɗe cibiyoyin koyar da 'yan mata a Kano da Katsina ba sai a 1930, su ma a inuwar gidajen sarauta. Idan ɗan Maguzawa ne, to makarantar gwamnati ba a tsara ta dominsa ba, makarantar mishan kuma an hana ta isowa inda yake.

Ba Vischer kaɗai ne ya ƙuntata ƙofar ba. Iyaye da yawa sun ƙi boko da gaske, suna tsoron a raba 'ya'yansu da addini, kuma ganin yadda boko ya zo hannu da hannu da mishan a kudu, tsoron nasu yana da tushe. An sha ba da labarin masu sarautar da suka ɓoye 'ya'yan cikinsu suka tura 'ya'yan bayi da barori a madadinsu. Kuɗin da gwamnatin mallaka ta ware wa ilimi ma bai taka kara ya karya ba. Amma aikin shugaban ilimi shi ne ya rage tsoron mutane ya faɗaɗa hanya. Abin da tsarin ya yi shi ne ya ɗauki wannan tsoro ya mai da shi hujjar barin abubuwa yadda suke.

Abin da alƙaluma suka nuna

A 1912, ɗaliban makarantun firamare na boko a kudancin Nijeriya sun kusa 36,000, na Arewa kuwa ba su kai 1,000 ba, alhali Arewa na da dubban makarantun allo masu ɗalibai sama da 100,000 waɗanda gwamnati ba ta yi wani shiri na haɗa su da sabon tsarin ba. A 1926 kudu ta haura 138,000, Arewa na da kimanin 5,000. A 1957, ana saura shekara uku a samu 'yancin kai, kudu na da ɗaliban firamare sama da miliyan 2, Arewa ba ta kai 200,000 ba. Ko bayan haɗe Arewa da Kudu a 1914, an bar sassan ilimin yankunan biyu a rabe har zuwa 1929.

Vischer ya bar Kano lokacin Yaƙin Duniya na Farko, ya yi aikin soja da na leƙen asiri, ya kuma ajiye muƙaminsa na Arewa a 1919. Amma tsarinsa ya zauna. Kwalejin Katsina, wadda ta fara aiki a 1921, Gwamna Clifford kuma ya buɗe ta a hukumance a 1922, an kafa ta ne domin horar da malamai Musulmi daga masarautu, kuma ana shiga ta ne ta hannun En'e. Daga nan Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kashim Ibrahim suka fito. Kwalejin ta koma Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau. Ta fitar da mutane masu nagarta, amma 'yan kaɗan a kowace shekara, ga yankin da ke da miliyoyin mutane.

Rabuwar ta yi aiki ta ɓangare biyu. Makarantar Miller, wadda aka fitar daga birnin Zariya zuwa Wusasa a ƙarshen shekarun 1920, ta zama ta Kiristocin Hausa da Fulani, kuma tana koyar da Turanci ba tare da ƙauro ba. Daga wannan ƙaramar al'umma ce likitan farko ɗan Arewa, Dakta R.A.B. Dikko, ya fito. Ya bi ta Kwalejin Sarki da ke Legas zuwa Jami'ar Birmingham. Yaran Zazzau biyu, masu harshe ɗaya, sai addini ya raba musu makaranta, makaranta kuma ta raba musu makoma.

Wannan giɓi ya shiga siyasa kai tsaye. Lokacin da Anthony Enahoro ya gabatar da ƙudurin neman mulkin kai a 1953, babban dalilin da ya sa shugabannin Arewa suka ja da baya shi ne rashin isassun masu ilimin boko da za su riƙe ofisoshi. Abin da ya biyo baya shi ne ihun da aka yi musu a Legas da rikicin Kano na watan Mayun wannan shekara. A cikin gida kuma, ƙorafin da NEPU ta taso da shi tun kafuwarta a Kano a watan Agustan 1950 ya shafi wannan tsari ne na fifita gidan sarauta a kan talaka. Abin lura shi ne, Malam Aminu Kano da Sa'adu Zungur, waɗanda suka fi kowa sukar tsarin, su ma 'ya'yan wannan kwaleji ne. Ashe tsoron Vischer bai hana abin da yake gudu faruwa ba, jinkirta shi kawai ya yi.

Daga Kano zuwa Landan, da inuwar Amurka

A 1923 aka naɗa Vischer sakataren kwamitin da ke ba Ofishin Mulkin Mallaka na Birtaniya shawara kan ilimin 'yan Afirka, ya kuma riƙe wannan kujera har zuwa 1939. A 1924 ya raka tawagar gidauniyar Phelps-Stokes ta Amurka zuwa gabashin Afirka, a 1925 kuma kwamitinsa ya fitar da takardar manufa da ta ce a daidaita ilimi da al'ada da sana'ar kowace al'umma. A 1926 yana cikin waɗanda suka kafa cibiyar nazarin harsuna da al'adun Afirka a Landan. An ba shi lambar girmamawa ta Sir a 1941, ya rasu a Ingila a watan Fabrairun 1945.

Tunanin Phelps-Stokes ya samo asali ne daga makarantun Hampton da Tuskegee na kudancin Amurka, inda ake koya wa baƙaƙen fata noma da sana'a a zamanin wariya. Masana irin su W.E.B. Du Bois sun soki wannan tsari da cewa hanya ce ta tsare baƙar fata a ƙasan tsani. A wannan yanki na Amurka ne kuma wariya a ɗaukar ɗalibai ta sa rigar addini ƙarara. Kwalejin Bob Jones, wadda wani mai wa'azi ya kafa a 1927, ta zama matattarar Kiristoci masu tsattsauran ra'ayi, ciki har da majami'un Baptist masu zaman kansu, waɗanda ke ɗaukar keɓe kai daga sauran jama'a a matsayin ibada. Ba ta ɗauki baƙar fata ba sai a 1971. A 1983 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da janye mata rangwamen haraji saboda dokokinta na wariya. Ba ta soke haramcin soyayya tsakanin fari da baƙi ba sai a 2000, ta kuma nemi afuwa a 2008.

Vischer ba Bob Jones ba ne, kuma Nasarawa ba ta ginu kan ƙyamar launin fata irin ta wancan wuri ba. Abin da ya haɗa su shi ne hujjar da suka kafa: cewa raba yara tun a bakin ƙofa kariya ce ga addini da tarbiyya da zaman lafiya. A duk wuraren biyu, wanda ya tsara kariyar yana ciki, wanda ya biya kuɗinta yana waje, ba a kuma tambaye shi ba.

Ƙofar a yau

An yi ƙoƙarin faɗaɗa ƙofar. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya kai makarantu ƙauyuka. Makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda Jihar Kano ta buɗe a 1977, sun ɗauki ɗalibai ta hanyar jarrabawa, suka kuma nuna cewa ɗan ƙauye na iya zama likita ko injiniya idan an ba shi dama. Akwai jami'ar kimiyya da fasaha a Wudil, maƙwabciyar Gaya. Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya haramta wa hukuma nuna bambanci saboda addini ko jinsi ko ƙabila ko yanayin haihuwa, sashe na 38 kuma ya hana tilasta wa ɗalibi koyon addinin da ba nasa ba. A jami'o'in tarayya, ana raba guraben shiga kashi 45 bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka ce suna baya a ilimi, kuma Kano tana cikin wannan jeri na ƙarshe fiye da shekara 100 bayan buɗe Nasarawa. A 2024 gwamnatin jihar da kanta ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi.

Waɗannan kaso-kaso ana lissafa su ne da sunan jiha, kuma jiha ba mutum ɗaya ba ce. Gurbin da aka ware wa Kano saboda koma-bayanta na iya faɗawa hannun ɗan babban ma'aikaci da ya yi makarantar kuɗi a cikin birni, yarinyar Ajingi da aka ƙirƙiri gurbin dominta ba ta ma kai ga rubuta jarrabawar ba. Takardar ɗan siyasa na iya yin aikin da bakin hakimi ya yi a zamanin Vischer. Makarantun kuɗi na addini, na Musulmi da na Kirista, suna da haƙƙin koyar da aƙidarsu, amma kuɗin shigarsu kan tace ɗalibai fiye da kowace jarrabawa.

Saboda haka tambayar da ta kamata matasa su riƙa yi wa hukumomi mai sauƙi ce, kuma amsarta lissafi ne. A cikin ɗaliban da aka ɗauka a makarantun kimiyya na jiha da jami'o'i da shirye-shiryen tallafin karatu, nawa ne suka yi firamare da sakandare a Gaya, nawa a Ajingi, nawa ne mata, nawa ne suka fito daga makarantun gwamnati? Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman irin wannan bayani daga hukumomin tarayya, ciki har da hukumar JAMB da jami'o'inta, wakilan mazaɓu a majalisar jiha kuma suna da ikon neman sa daga ma'aikatar ilimi. A zamanin Ɗan Hausa, talakan da harajinsa ya gina makaranta ba shi da bakin tambayar wa aka ɗauka. Jikokinsa suna da wannan baki, kuma jerin sunayen waɗanda aka ɗauka takarda ce ta jama'a da ya kamata a buga kowa ya gani.